Veliparib ya toshe PARP1, amma ƙwayoyin sun ƙi mutuwa

Da ƙwayoyin kansa marasa BRCA1, wato furotin da ke taimakawa wajen gyara DNA idan zarensa biyu sun tsinke, nake aiki. Tun 2005 aka san irinsu ba sa jurewa idan aka toshe musu PARP1, furotin ɗin nan na cikin cibiyar ƙwaya da ke gano inda zaren DNA ɗaya ya tsinke, ya yi amfani da wani sinadarin cikin ƙwaya mai suna NAD+ ya saƙa wata sarƙa da ake kira PAR don kiran masu gyara.

To, na zuba veliparib, ɗaya daga cikin sinadaran da ke toshe PARP1. Gwajin Western, wanda ke nuna furotin a matsayin layi, ya fito tsaf, layin PAR ya ɓace, ko alamarsa babu, wato PARP1 ya daina aiki. Amma da na rina faifan da rinin shunayya na ɗaga shi a haske, sai ga gungun ƙwayoyi nan birjik, kaɗan ne suka mutu. Faifan da ke gefensa kuwa, wanda na ɗiga wa ɗan mitsitsin talazoparib, wani mai toshe PARP1 ɗin, fayau yake. Na canza kwalbar sinadari, na sake narkar da sababbin ƙwayoyi daga cikin daskararru, na zargi DMSO, ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki, duk a banza. Kuɗin da aka ƙona a wannan neman har yanzu yana ci mini rai.

Ashe hana furotin aiki daban, maƙale shi a kan DNA daban. A 2012 masu bincike a cibiyar kansa ta ƙasar Amurka suka nuna haka. PARP1 sai ya lulluɓe kansa da PAR kafin ya saki zaren. Wasu sinadaran suna riƙe shi a wurin, ya zama kamar motar da ta mace a tsakiyar titi, injin kwafin DNA ya zo ya yi karo da shi, zaren biyu su tsinke, ƙwayar da ba ta da BRCA kuma ba ta iya ɗinkewa. A wannan riƙon talazoparib ya ninka olaparib, wani ɗan'uwansu, kusan sau 100, veliparib kuwa shi ne na baya.

Abin haushin, takardar mai sayarwa ba ta faɗin wannan. Lambar IC50, wato adadin sinadarin da ke rage aikin furotin da rabi, kawai za ka gani, dukkansu a ma'aunin nanomola, ka ɗauka ɗaya ne.

Yanzu ba na yarda da ɓacewar layin PAR shi kaɗai. Sai na ware kuromatin, wato DNA da furotin ɗin da ke manne da shi, na duba yawan PARP1 da ya maƙale, da ɗan MMS, sinadarin da ke yi wa DNA lahani, don ya fito sosai. Kuma kada ka yanke hukunci da gwajin awa 24. Sai ƙwayoyin sun yi ta rabuwa ɓarnar ke taruwa, don haka ka bar faifan ya kai kwana 10 zuwa 14.