Masu haɗa katin biki, don Allah ku tausaya wa idanunmu

Wai don me katin ɗaurin aure da ake turowa a WhatsApp yanzu kusan duk rubutu ne ruwan gwal a kan fari ko ruwan madara? An zuba furanni, sunan ango da amarya ɓaro-ɓaro, amma inda ake buƙata, wato ranar ɗaurin auren da ƙarfe nawa da wane masallaci, sai ka yi ta zumin kana matse ido kamar mai zura zare a allura.

Mai dizain ɗin yana ɗaki a gaban laftof mai haske, shi komai fes yake gani, ya manta wanda zai karanta wataƙila baffa ne ɗan shekara sittin da yanar ido ta fara kama shi, yana tsaye a rana da ƙaramar waya ya rage hasken sikirin saboda caji, ga ba wuta.

Kuma abin nan yana da ma'auni fa. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta fitar da WCAG 2.0, wato ƙa'idojin sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, a 2008, a ciki aka ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangon da yake kai ya kai aƙalla 4.5 zuwa 1, in manyan haruffa ne 3 zuwa 1 ya wadatar. Baƙi a kan fari shi ne ƙarshe, 21 zuwa 1. Rawaya zalla a kan fari kuwa 1.07 ne, kamar ba ka rubuta komai ba ke nan, ruwan gwal ma da kaɗan ya fi shi. Hatta ruwan toka da ake yayi, in ya fi kala mai lamba #767676 haske a kan fari ya faɗi ma'aunin.

Ja a kan kore ma matsala ne, akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su sosai, galibi maza, wasu ma ba su san suna da larurar ba.

Ni ban ce a bar kwalliya ba, gwal ɗin a sa shi a kan baƙi ko shuɗi mai duhu ai yana fita raɗau. Mai dizain, kafin ka tura wa wanda ya ba ka aikin, shafin WebAIM na da wurin gwaji kyauta, ka zuba lambobin kalolin biyu ya faɗa maka. In ba data, tura katin zuwa wayarka ka fita tsakar gida da azahar, ka rage haske ka gani ko za ka iya karanta adireshin.