Godiya daga iyalin Baba Bishop

A madadin Mama da ƙannena, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya tare da mu tun ranar da aka kwantar da Baba a asibiti har zuwa ranar da muka raka shi makwancinsa. Bishop-bishop da fastocin da suka jagoranci sujadar jana'iza, ƙungiyar mawaƙa, zumuntar mata da suka yi ta kwana da Mama, likitoci da ma'aikatan jinya da ba su gaji da tambayoyinmu ba, maƙwabtanmu Musulmi da suka zo ta'aziyya tun kafin labari ya bazu: Ubangiji ya saka muku da alheri.

Amma ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a kan ɗalibansa na makarantar tauhidi. Ban taɓa sanin yawansu ba sai ranar nan. Wasu har sun yi furfura, wasu sun riga sun zama shugabanni a ikkilisiya, amma kowa ya tashi magana "Malam" yake ce masa. Na tabbata da zai ji, hakan zai fi masa daɗi. Ya sha gaya mana cewa kalmar bishop daga Helenanci ta fito, ma'anarta mai kula da jama'a, kuma a 1 Timoti sura 3, cikin halayen da Bulus ya lissafa wa mai wannan aiki har da iya koyarwa. Shi ya sa ko bayan an naɗa shi bai ajiye alli ba. Yakan dawo daga ziyarar ikkilisiyoyi a gajiye, ya cire rigar aiki, ya zauna duba takardun jarrabawa da jan biro har dare ya raba. Muna yara abin yana ba mu haushi, ba zan ɓoye ba.

Wani tsohon ɗalibinsa ya tuna mana yadda Baba yake koyar da Majalisar Nikiya, babban taron shugabannin ikkilisiya na shekarar 325, da gardamar da ta biyo baya a kan kalmomi biyu na Helenanci waɗanda harafi ɗaya tak ya raba su: shin Yesu, Ɗan Allah, ainihinsa ɗaya ne da Allah Uba, ko kama kawai yake da shi? Wai sai ya rubuta su a allo, ya ƙi ci gaba har sai kowa ya nuna harafin da yatsa. Wani kuma ya ce idan an zo kan Martin Luta da batutuwa 95 da ya ƙalubalanci ikkilisiyar Katolika da su a shekarar 1517, Baba ba ya bari a yi ta yabon Luta, sai ya ce a buɗe wasiƙar Romawa kowa ya karanta da idonsa. Ina jin haka hawaye suka zubo mini, domin haka yake yi mana a addu'ar safe.

Na gode musamman ga faston da ya kawo masa Jibin Ubangiji a gadon asibiti, da ɗaliban da suka riƙa karanta masa Zabura lokacin da idanunsa suka daina gani sosai.

Littattafansa, har da na Ibrananci da Helenanci masu cike da rubutun hannunsa a gefe, za mu kai su ɗakin karatun makarantar kamar yadda ya yi wasiyya. Waɗanda suka ari wani a wurinsa kuwa, Mama ta ce ku riƙe, ta bar muku.