Me Ake Kwatantawa da Me? Shawara ga Ƙannena Masu Shirin Jarrabawar Ingilishi

Tun da aka fitar da kundin sake gina ƙasa a Nijar a watan Maris na 2025, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, na lura matasan Maraɗi sun ƙara ba Ingilishi muhimmanci. Da ma can akwai masu tsallaka iyaka ta Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano da Sakkwato neman ilimi, akwai kuma masu shiga jami'ar Maryam Abacha da ke nan cikin gari. Duk wanda ya bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan sai ya haɗu da tambayoyin gyaran jimla, inda za a ba shi jimla mai aibi a ce ya zaɓi ingantacciya. A cikin irin waɗannan tambayoyi babu inda na zubar da maki kamar wajen kwatanci, shi ya sa nake so in gaya muku inda na yi tuntuɓe.

Mu da muka yi lakwal da Faransanci muna shiga Ingilishi ne da wani nauyi wanda ɗan Katsina bai san shi ba. Kalmar "que" guda ɗaya tana yi wa Bafaranshe aikin da Ingilishi ya raba wa kalmomi uku, wato "than" da "as" da "that". Saboda haka na daɗe ina rubuta "bigger that" da "as big than" da "the same than", kuma kunnena bai taɓa gaya mini akwai matsala ba. Ƙa'idar ba ta da wuya: fifiko yana tafiya da "than", daidaito yana tafiya da "as" gaba da baya, kamar "as big as", sannan a ce "the same as" da "different from". Haka nan "plus" ta Faransanci tana sa mu liƙa "more" ga kowace sifa, alhali sifa mai gaɓa ɗaya ƙarin "-er" take ɗauka, kamar "taller", mai gaɓa biyu da ta ƙare da "y" ta zama kamar "easier", dogaye irin su "expensive" ne suke buƙatar "more". Waɗannan haddace su ake yi, kuma mako ɗaya ya ishi mai himma.

Abin da ya fi ba ni wahala ba haddacewa yake buƙata ba, lura yake buƙata. Lokacin da nake shirin jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, wani dattijon malami da yake yi mana darasin yamma ya dawo mini da takardata, ya ja jan biro ƙarƙashin wannan jimla: "The population of Nigeria is larger than Niger." Na duba na sake dubawa, ga "larger" daidai, ga "than" a mazauninta, sai na ce, "Malam, ni fa ban ga kuskure ba." Bai yi mini bayani ba, cewa ya yi, "Yaro, faɗa mini ita da Hausa." Na ce, "Yawan mutanen Najeriya ya fi na Nijar." Ya ɗora bakin biron a kan takardar ya ce, "To, wannan 'na' da ka faɗa yanzu, ina ka baro ta?"

A jimlata na ɗora yawan mutane a gefe ɗaya na ma'auni, na ɗora ƙasa sukutum a ɗaya gefen, kuma ba a auna mutane da ƙasa. Daidai shi ne "larger than that of Niger", ko "larger than Niger's". Idan abin jam'i ne sai a ce "those of", kamar "The markets of Kano are bigger than those of Maradi." Abin takaicin shi ne Hausa ba ta taɓa barinmu mu yi wannan kuskure ba, domin ko yaro ƙarami cewa yake "rigata ta fi ta Sani", kuma Faransanci ma yana da "celui de" da "celle de". Harsuna biyu sun koya mini ƙa'idar, amma da na zo na uku sai na yar da ita don gaggawa. Masu tsara jarrabawa sun san wannan rauni sarai, shi ya sa sukan tsawaita jimlar, su cusa bayanai tsakanin abubuwa biyun da ake kwatantawa, har ɗalibi ya manta da abin da aka fara da shi. Jimlar da ta fara da "unlike" ko "like" ita ce ta fi wannan tarko: a "Unlike Zinder, the rainfall of Maradi is higher" an kwatanta gari da ruwan sama, don haka dole sunan da ya biyo bayan waƙafin ya zama gari, a ce "Unlike Zinder, Maradi" sannan a ci gaba. Shawarata ita ce, kafin ku dubi zaɓin amsoshi, ku ja layi ƙarƙashin abubuwa biyun, ku mayar da jimlar Hausa a zuci, ku saurara ko "na" ko "ta" za ta fito.

Akwai wani kuskuren mai kama da wannan. Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ta ɗara Mali kaɗan, ita ce mafi faɗi a Afirka ta Yamma. Na taɓa rubuta wannan da alfahari na ce "Niger is larger than any country in West Africa", ban san cewa na ce Nijar ta fi kanta girma ba, tunda ita ma tana cikin yankin. Sai an saka "other", a ce "any other country". Amma da Aljeriya ake magana, wadda ba ta cikin yankin, jimlar tana daidai ba tare da "other" ba. Idan kuma abu biyu ne kawai, "the taller of the two" ake cewa, ba "tallest" ba.

Ku yi hattara da Ingilishin tasha da na kasuwa. Yana biyan buƙata wajen ciniki, ban raina shi ba, amma a can na kwaso "more better", na kuma saba da jin "senior than". Kalmomin "senior" da "junior" da "superior" da "inferior" daga Latin suka zo da ma'anar fifiko a cikinsu, "to" suke ɗauka, haka ma "prefer tea to coffee". Abin da ake ƙirgawa "fewer" ne, kamar "fewer students", wanda ba a ƙirgawa "less", kamar "less water". A rubutun jarrabawa "like" suna take bi da shi, "as" kuwa jimla mai aikatau, don haka "as my father did" ake so, ba "like my father did" ba, ko da kun ji Amurkawa suna faɗin haka a finafinai.

Wani lokaci jimlar ba ta karya wata ƙa'ida a fili ba, harshen damo ne da ita. "Musa likes Sani more than Ali" tana iya nufin Musa ya fi son Sani a kan Ali, tana kuma iya nufin ya fi Ali son Sani. Idan ma'ana ta biyu ake nufi, amsar da ta ƙara "does" a ƙarshe ita ce daidai, ko da ta fi sauran tsawo. Na sha gudun amsa mai tsawo saboda an gaya mini gajeruwa ake so, na faɗi a banza.

Game da littattafan atisaye, da yawa daga cikin tambayoyin gyaran jimla masu tsauri da za ku samu a intanet daga jarrabawar GMAT suka fito, wadda ake yi don shiga karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci. Sabon tsarinta da aka fara a ƙarshen 2023 ya cire wannan sashe, saboda haka mai shirin GMAT kada ya ɓata lokacinsa a kansa. Amma mai shirin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a a Najeriya, inda Ingilishi yake wajibi ga kowa, ko mai son gyara rubutunsa na aiki, tsofaffin tambayoyin suna da amfani ƙwarai, da sharaɗin ya riƙa rubuta dalilin da ya sa kowace amsa mara kyau ta zama mara kyau, ba ya duba amsar a bayan littafi ya wuce ba.