Larabar neman jaka

Laraba, bayan Isha'i.

Zif ɗin tsohuwar jakata ya gama aiki, ga ɗaurin aure a Abuja ranar Juma'a, daga can kuma in wuce Zariya ta mota. Shi ya sa yau ban buɗe situdiyo ba. Na naɗe kayan aikin da tawul, na tari adaidaita sahu zuwa kasuwa. Ni dai ba na sayen jakar kyamara da ido, sai an zuba mata kaya na goya ta tukuna.

Kayan ba su da yawa, nauyi ne da su. Kyamarata Canon 5D Mark IV ta kusa giram 900, lens ɗin 24-70 wajen giram 800, shi kuwa 70-200 f/2.8 shi kaɗai ya kusa kilo ɗaya da rabi. Ƙara filasha, batura, caja da laftof mai inci 15.6, ka ga an haura kilo 6 tun ba a sa jakar a lissafi ba. Kamfanonin jirgi da yawa kuma kilo 7 suke yarda a shiga da shi a hannu. Ke nan duk jakar da ita kanta ta wuce kilo 1, ta riga ta jawo mini magana a filin jirgin Malam Aminu Kano. Ba zan taɓa yarda a jefa lens ɗina cikin kayan da ke tafiya a ƙasan jirgi ba. Baturan lithium na ajiya ma doka ta hana a sa su can, har da fawa-bank, dole su kasance tare da kai. Nawa ƙanana ne, ko kusa da iyakar ƙarfin batir ta 100Wh ba su je ba.

Na fara da titin Beirut. Jakunkunan laftof ne birjik, masu kyan gani, amma cikinsu fili ne kawai, babu katangun soso da za su raba lens da lens. Ban daɗe ba.

A Sabon Gari wani yaro ya fito mini da mai taya, ƙatuwa, baƙa. "Yallaɓai, wannan ba sai ka ɗauka ba, ja kawai za ka yi." Na ce, "Ƙanena, a ina zan ja ta? A lungun Tudun Wada ko a tasha?" Ya yi dariya. Gaskiya ta burge ni, kuma a kan tayil ɗin filin jirgi babu kamarta. Sai dai tayoyin da sandar janta sun cinye nauyi da wuri, kuma ranar biki hannuna biyu nake buƙata, ɗaya na kyamara, ɗaya na ture 'yan kallo.

Sai bayan Azahar na faɗa Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, nan na same ta rataye a bayan jakunkunan 'yan makaranta. Lowepro ce, irin wadda ake buɗewa ta ɓangaren da ke manne da bayanka. Wannan shi ne abin da ya fi jan hankalina. Duk wanda ya taɓa shiga cunkoson Hawan Daushe da kyamara ya san zif ɗin da ke kallon jama'a gayyata ce. Wannan kuwa sai an sauke ta daga bayanka kafin a kai ga abin da ke ciki. Launinta ma ya ɗan koɗe, ba ta kama da jakar da ke ɗauke da dukiya, kuma hakan ya yi mini.

Dattijon mai shagon ya ba ni benci, na zauna na jera komai. Katangun soso duka suna nan, mannensu yana kamawa. 70-200 ya kwanta a tsakiya yana haɗe da kyamarar. Na zura hannu aljihun laftof na ji bai kai ƙasan jakar ba, akwai tazara, don haka in an dire ta da ƙarfi ba kwamfutar ce za ta sha dukan ba. Akwai ɗamarar ƙugu mai kauri, ita ke sauke nauyi daga kafaɗa. A ƙasa kuma na zaro rigarta ta ruwa. Ni ƙurar hunturu nake tunani fiye da ruwan sama, wadda in ta shiga kyamara sai ka ga ɗigo-ɗigo a fuskar amarya.

"Baba, nawa za a bar mini?" Ya faɗi kuɗi, na yi salati. Muka ja, muka ja, har ya ce, "Ɗana, albarka, amma kawo." Maƙwabcinsa ya ara mana sikeli: da komai a ciki, kilo 7 da ɗoriya. Ɗoriyar ba matsala ba ce, in an zo awo zan rataya kyamarar a wuya, cajar laftof ta shiga aljihun riga.

Aibinta ɗaya, ɗinkin hannun dama ya fara saki daga sama. Gobe da safe zan kai wa baduku ya bi shi da zare mai ƙarfi, sannan in wanke ta in shanya kafin uwargida ta ji warin gwanjo a ɗaki.