Ranar da Ka Ga Alƙali ta Ƙarshe

Aikin sa kai da na yi a ƙarƙashin wata ƙungiyar lauyoyi bai wuce in shiga gidan yari da littafi da biro ba. Ni ba lauya ba ne. Nakan zauna da masu jiran shari'a, in rubuta ranar da aka kama mutum, abin da ake tuhumarsa da shi, da ranar da ya ga alƙali ta ƙarshe. Tambaya ta ukun nan ce ke tona komai. Sai mutum ya yi shiru yana ƙirga da yatsu, can ya ce, "Wallahi Malam, na manta."

A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, kusan ɗaya cikin kowane fursunoni uku a duniya ba a yanke masa hukunci ba. Alhali yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1966 kan 'yancin ɗan ƙasa da na siyasa, a sashe na 9, ta ce bai kamata tsare mai jiran shari'a ya zama abin yau da kullum ba.

Abin da na fara fahimta shi ne, yawancinsu ba wani mugu ne ya danne su ba. Fayil ya ɓata, an yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, motar kai su kotu ta lalace, shaida bai zo ba, sai a ɗage zama. Kowa da uzurinsa, shi kuwa yana ciki.

Akwai wani matashi da ake zargi da satar waya. Tuni kotu ta ba da belinsa, amma da sharaɗin mai tsaya masa ya mallaki gida, kuma duk danginsa 'yan haya ne. Da muka lissafa, zaman da ya yi ya zarce abin da za a ɗaure shi ko da an same shi da laifin. Na yi ta zarya wurin magatakarda har fayil ya fito, ya yi ƙura, mai ƙara bai taɓa leƙo kotu ba. Lauyarmu ta miƙe ta yi magana, alƙali ya sallame shi kafin in gama gyara zama. Matashin ya riga ya rasa aikinsa, ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

Tambayar da ta fi ci mini rai ita ce, "In na ce ni na yi, za a sake ni?" Sau da yawa amsar gaskiya ita ce e, domin za a cire kwanakin da ya riga ya yi. Marar laifi ya amsa laifi ya tafi gida da tabo, wanda ya tsaya kan gaskiyarsa ya ci gaba da zama. Haka ta faru da Kalief Browder a Amurka. An kama shi a 2010 yana ɗan shekara 16 kan zargin satar jaka, iyalinsa suka kasa biyan belin dala 3,000, ya ƙi amsa laifi, ya yi shekara uku a kurkukun Rikers, aka janye ƙarar a 2013. Bayan shekara biyu ya kashe kansa.

Daga baya na rage zuwa gidan yari, na koma caji ofis, domin a can ake ɓata yawancin shari'u, lokacin da aka miƙa wa wanda bai iya karatu ba takarda ya dangwala. A Malawi, masu taimaka wa lauyoyi irina sun fara shiga gidajen yari tun 2000, daga baya suka faɗaɗa har ofisoshin 'yan sanda.

Yanzu duk uwar da ta tare ni tana kuka, nakan ce, "Mama, ki sa a rubuta miki lambar ƙarar, da sunan kotun, da ranar komawa. Ranar kuma ki je ki zauna inda alƙali zai gan ki."