Neman Wanda Zai Kayar da Ni Ba Tare da Ya Karya Ni Ba

Abin da ya kai ni koyon dabarun kare kai shi ne abin da ya kai mutane da yawa a birnin Kano, wato ƙwacen waya. Wata magariba ina dawowa daga shago a Kantin Kwari, samari biyu suka tare ni a wani lungu, ɗaya ya zaro wuƙa, ɗayan ya miƙo hannu. Wayar ba ta daɗe tana damuna ba, amma na yi makonni ina tuna yadda jikina ya sandare, har na kasa ja da baya ko da taku ɗaya.

Da farko na ɗauka zan iya koya wa kaina. Na cika buhu da yashi na rataye a reshen darbejiyar gidanmu, ina kallon bidiyo a YouTube ina kwaikwayo, har wata uku. Hannuna ya yi kanta, numfashina ya ƙaru, sai dai buhu ba ya ramawa, ba ya kaucewa, kuma ba ya cafkar wuyan rigar mutum. Ranar da na fara zuwa wurin da ake koyar da judo, wato wani salon kokawa na Japanawa, wani yaro da bai kai ni tsawo ba ya riƙe ni, kafin in ankara ƙafafuna sun bar ƙasa. A nan na ji labarin Jigoro Kano, mutumin Japan da ya kafa wannan wasa a Tokyo a 1882, wanda sunansa ya yi kama da na garinmu ba tare da wata alaƙa ba, da kuma cewa wasan ya shiga gasar Olamfik a 1964.

Makonnin farko Malam bai koya mini kayar da kowa ba, faɗuwa kawai ya koya mini, abin da Japanawa ke kira ukemi. Za ka dunƙule haɓarka a ƙirji domin kada ƙeyarka ta bugi ƙasa, ka lanƙwasa baya, ka daki katifa da tafin hannu da damtse a daidai lokacin da ka sauka, domin ƙarfin faɗuwar ya bazu. Babban abin da ake yaƙi da shi a jikin sabon ɗalibi shi ne tokare ƙasa da miƙaƙƙen hannu, saboda ta nan ake samun targaɗe da karayar wuyan hannu. Na gaji da wannan darasi, na kuma nuna gajiyata, sai Malam ya ce da ni: “Wanda bai iya faɗuwa ba, babu mai yarda ya yi atisaye da shi, domin kowa na tsoron ɗaukar alhakinsa.”

Sai daga baya na gane nauyin maganar. Kwana biyu kawai muke haɗuwa a mako, kuma dabara ba ta zama a jiki sai an maimaita ta sau ɗaruruwa a kan mutum mai rai, mai nauyi, mai motsi. A judo kowace dabara ta mutum biyu ce: tori mai jifa, da uke wanda ake jefawa. Don haka dole na nemi abokin atisaye na sauran kwanaki, kuma wannan nema ya fi duk wani jifa da na koya wahala.

Na fara da wani abokina na ƙuruciya, mai ƙarfi, mai son dambe. Mu a nan mun tashi muna kallon ɗan dambe ya naɗe hannu ɗaya da kara ya zama mashi, ya bar ɗayan garkuwa, kuma idan ya kai abokin karawarsa ƙasa sai a ce ya yi kisa. Wannan tarbiyya tana da kyau a fage, inda aka zo domin a fitar da gwani, amma abokina ya shigo da ita cikin atisaye. Duk riƙon da na yi masa sai ya turje iyakar ƙarfinsa, ni ma zuciya ta ɗebe ni na fara ramawa. A mako na biyu na fizge shi ba tare da na koya masa faɗuwa ba, ya tokare da hannu, ya yi wata guda bai iya ɗaukar kaya a wurin sana'arsa ba. Laifin nawa ne, domin ni ne na san haɗarin, kuma har yau idan na tuna ranar da na je gaishe shi, mahaifiyarsa tana shafa masa man zafi ba ta ce da ni komai ba, sai in ji nauyi a ƙirjina.

Wanda Allah ya haɗa ni da shi daga bisani wani tela ne a unguwarmu, ya girme ni da kusan shekara goma, ya kuma riga ni fara judo da daɗewa. Ranar farko da ya jefa ni na lura da wani abu: ina sauka ƙasa, bai saki hannun rigata ba, sai ma ya ɗan ja shi sama, ta yadda kafaɗata da kaina ba su bugu ba. Na ce, “Yaya, me ya sa kake riƙe ni bayan ka riga ka kayar da ni?” Ya ce, “Ƙanena, aron jikinka ka ba ni, kuma gobe ma ina bukatarsa.” Jigoro Kano yana da ƙa'idar da ya kira jita kyoei, wato amfanin juna da ci gaban juna, amma ni a hannun wannan tela na fahimce ta kafin in ji sunanta.

Mun yi yarjejeniya a kan abubuwa ƙanana waɗanda na ga amfaninsu. Muna yanke farce, muna cire zobe da agogo, kuma duk wanda ya ji an murɗe masa gwiwar hannu ko an shaƙe shi, zai ɗan bubbuga sau biyu, a sake shi nan take ba tare da gardama ba. Ba ma gwada dabarar da Malam bai duba mu a kanta ba, komai kyawunta a bidiyo. Lokacinmu bayan sallar asuba ne, kafin ya buɗe shago in tafi kasuwa, kuma da azumi mukan mayar da shi bayan tarawihi, mu rage tsawonsa.

Wuri ma sai da aka yi shawara. Samari su keɓe a zaure suna riƙe wuyan juna abu ne da zai sa maƙwabta su yi zaton daba ake koyo, kuma ban ga laifinsu ba idan aka duba abin da unguwanni suka sha. Saboda haka na fara sanar da Baba, muka je tare wurin mai unguwa, muka kuma riƙa barin ƙofar zauren a buɗe domin duk mai wucewa ya ga abin da ake yi a kan tsofaffin katifun da muka shimfiɗa.

Game da wuƙa kuwa, na tambayi Malam dabarar da zan yi da a ce ranar da aka ƙwace mini waya za ta dawo. Ya ce in miƙa wayar, in buɗe tazara, in gudu inda jama'a suke, domin ko mai baƙin ɗamara, wato wanda ya ƙware a judo, wuƙa tana yankarsa. Na yarda da shi, kuma abin da na samu a shekara guda shi ne yanzu idan aka cafke ni ba na sandarewa, ina numfashi, ina ganin inda hanya take.

A watan da ya wuce wani ɗan maƙwabcinmu da ya daɗe yana leƙowa daga bakin ƙofa ya nemi shiga. Na tura shi ya nemo izinin mahaifinsa, sannan ya yi rajista wurin Malam, muka kuma shafe mako uku ba ya yin komai sai faɗuwa. Jiya na jefa shi karo na farko, a hankali, hannun rigarsa yana cikin tafina har ya sauka, ya miƙe yana tambaya ko za a sake.