Matacin gahawa a gidanmu na Jidda

Takardar tace gahawa ta daina shigowa gidanmu, kuma ban yi kewarta ba. A da yara sun kamu da gahawar V60 irin ta shagunan Jidda, wadda ake tacewa ta takarda a cikin mazurari, kowane kofi da takardarsa, kafin la'asar kwandon shara ya cika da jiƙaƙƙun takardu. Abin yana damuna ƙwarai, domin iyayenmu lif, wato zaren jikin itacen dabino, suke cusawa a bakin dalla, butar gahawar Larabawa, su ɗauraye shi gobe su sake amfani da shi.

Na gwada matacin ƙarfe da na ƙyalle. Na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi sauƙi: a zubar da diddigar, a ɗauraye, wani lokaci a bi ramukan da buroshi. Sai dai yana barin man gahawa ya wuce, wanda takarda ke riƙewa, kuma man nan yana iya ɗaga kolestarol. Mai wannan matsalar ya tambayi likitansa tukuna.

Ni dai na ƙyallen auduga ne ya kwanta min a rai, gahawar tana fitowa garau. Amma yana son kulawa, 'yan uwa. Kada sabulu ya taɓa shi, ƙamshin yana kama zaren. Ruwan zafi kawai. Da danshin garin nan, in kin rataye shi a kicin fumfuna zai yi, shi ya sa nake saka shi cikin kwalba da ruwa a firji, ina kuma tafasa shi duk mako. Idan ya fara wari ko ruwa ya daina sauka, a canza shi.